Zoben Baiko na Daimon: Yadda Za Ka Zaɓi Siffar Dutse da Mazauninsa a Legas

Iyayenmu ba su san zoben baiko ba. Goro ne da alawa da kuɗin gaisuwa, manya su zauna a sa rana, shi ke nan magana ta ƙullu. Amma wanda ya tashi a Agege ko Idi-Araba ko Obalende, ya yi makaranta da aiki cikin Yarbawa da Ibo, ya sha ganin zobe a yatsun abokan aikinsa mata, kuma yau 'yan matanmu da dama suna so a haɗa musu da shi cikin kayan sa rana ko a lefe. Ba na ganin laifin haka muddin an bi ta hannun manya kuma ba a ci bashi dominsa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda samari ke shiga kasuwa da hoto a waya da lambar karat (ma'aunin nauyin daimon) a baki, su fito da zoben da bayan wata biyu zai koma akwati, don yana kama mayafi ko yana hana aiki.

Bara ƙanena ya zo gidana da irin wannan hoton. Dutse ne dogo mai tsini sama da ƙasa, an ɗaga shi can sama kan faratai siraran gaske, wato 'yan yatsun ƙarfen da ke riƙe dutse a jikin zobe. Ya ce, "Yaya, irin wannan nake so, karat ɗaya cif." Na ce da shi, "Ita fa, me take yi da hannunta daga asuba zuwa dare?" Sai ya yi shiru. Yarinyar ma'aikaciyar jinya ce, safar hannu ta roba take sawa tana cirewa wuni guda. Da an saya mata wannan zoben, kullum sai ya yaga safar.

Fara da hannun da zai sa

Kafin ka taka ƙafa zuwa kowane shago, nemi wata mace a danginta, yayarta ko ƙanwarta ko aminiyarta, ta amsa maka tambaya uku. Wane irin aiki take yi da hannu? Kayan adon da take sawa yanzu, jan gwal ne ko farare, manya ne masu ɗaukar ido ko ƙanana? Sannan yatsunta dogaye ne sirara ko gajeru masu kauri? Idan kuna da fahimtar juna har za ka iya tambayarta da kanka, ya fi. A wurinmu aure ba abin ɓoye ba ne, ita ma ta san da maganar, don haka babu dalilin yin caca da kuɗi masu yawa saboda kawai a ba ta mamaki.

Ka tuna da tufafinmu. Leshi da gyale da mayafi mai shara-shara ba sa ga maciji da farce mai tsini. Na ga matar da zobenta ya zare mata zare tun daga kafaɗar mayafi har ƙasa ranar walima. Ga tuƙin tuwo, ga kwaɓin fulawa, ga wanke-wanke, ga alwala sau biyar a rana. Ga kuma zaman cunkoso a kan gadar Third Mainland ko cikin danfo, inda mata da yawa kan juya dutsen zobensu zuwa cikin tafin hannu don kada ya ja ido. Dutsen da ya zauna ƙasa-ƙasa shi ke jure duk wannan.

Kuɗi, da gaskiyar da ba a cika faɗa ba

Yanke iyakar abin da za ka kashe tun a gida, bayan ka ware sadaki da lefe da kuɗin haya, ka rubuta shi. Daidai ruwa daidai tsaki. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake haƙo daimon mai yawa kamar Botswana da Rasha da Afirka ta Kudu da Angola, mafi yawansa kuma a garin Surat na Indiya ake yanka shi, saboda haka duk wanda ka gani a Legas shigo da shi aka yi, farashinsa yana bin dala.

Sannan ka san cewa daimon ba gwal ba ne. Matanmu sun saba da gwal a matsayin kadara: idan ta ɓaci, a ɗauki sarƙa a kai wa masu gwal a Balogun ko Yaba, a ɗora a sikeli, a biya da giram. Zoben daimon ba ya tafiya haka. Mai sayen gwal nauyin ƙarfen yake kallo, sau da yawa ma sai ya cire nauyin dutsen daga lissafi, wanda kuma zai sayi dutsen ba zai ba ka kusa da abin da ka biya ba. In kadara kake so ka bar mata, ka ƙara mata awarwaro a lefe. Daimon ado ne, a saye shi da wannan niyyar.

A nan ne za ka yanke shawara tsakanin na ƙasa, wato wanda aka haƙo, da wanda aka haɗa a ɗakin gwaji. Na ɗakin gwajin ba jabu ba ne: sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa ɗaya, ido ba ya bambance su, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai kusan ba shi da kasuwa idan an zo sayarwa. Akwai kuma moisanait da zirkoniya, waɗanda kama kawai suka yi da daimon. Duk wanda ka zaɓa babu kunya a ciki, illa dai ka san abin da ka saya, ita ma ta sani.

Siffar dutsen

Wannan shi ne abin da ido ke fara gani daga nesa, kuma shi ne abin da ba a iya gyarawa daga baya.

Mai zagaye shi ne uban tafiya. Fuskoki 57 ko 58 ake yanka masa, bisa lissafin da Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon na Antwerp a Beljiyam, ya fitar a 1919 kan kusurwoyin da suka fi mayar da haske zuwa idon mai kallo. Babu siffar da ta kai shi walƙiya, ba shi da kusurwar da za ta ɓantare, yana ɓoye ɗan tabo da ɗan rawaya, yana kuma dacewa da kowane yatsa. Aibinsa tsada. Wajen fitar da da'ira daga ɗanyen dutse ana asarar kaso mai yawa, ga kuma yawan masu nema, don haka karat ɗaya mai zagaye ya fi karat ɗaya na sauran siffofi kuɗi. Idan ba ka san abin da take so ba kuma babu wanda zai gaya maka, tsaya a nan.

Mai siffar ƙwai, wanda 'yan kasuwa ke kira obal, shi na fi ba masu matsakaicin ƙarfi shawara. Da yake ya miƙe a kan yatsa, yakan fi mai zagaye girma a ido ko da nauyinsu ɗaya, yana kuma sa gajeren yatsa ya zama kamar dogo. Ka raba tsawonsa da faɗinsa: abin da ya faɗa tsakanin 1.35 da 1.50 shi ya fi kyan gani, ƙasa da haka kamar da'irar da ta karkace, sama da haka ya cika siranta. Amma akwai abu ɗaya da takarda ba za ta gaya maka ba. A tsakiyar irin wannan dutse akan sami wata inuwa baƙa a gicciye, kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Kusan kowanne yana da ita kaɗan. Ka riƙe zoben, ka juya shi a hankali hagu da dama. Idan inuwar tana ɓacewa tana dawowa tare da walƙiya, babu matsala. Idan ta zauna daram baƙa ƙirin, ajiye shi ka nemi wani, komai kyan takardarsa.

Wannan inuwar tana samun 'yan'uwansa biyu: mai kamar ɗigon ruwa, mai tsini ɗaya, da wanda ƙanena ya so, mai tsini biyu kamar ƙwallon dabino, wanda ake kira makis. Su biyun sun fi kowa cika yatsa, shi ya sa suke ruɗar mai saye. Tsinin nan kuwa shi ne rauninsu. Daimon yana da maki 10 a ma'aunin Mohs, babu dutsen halitta da ya kai shi tauri, amma taurin nan na ƙin karcewa ne. Idan tsininsa ya bugu da bakin tukunya ko ƙofar mota ta gefen da bai dace ba, yakan ɓantare. In har su take so, dole a rufe kowane tsini da farce mai baki biyu wanda ya rungume shi, kuma ka duba ɓangarorin biyu ka ga sun yi daidai da juna, don ɗan karkata kaɗan ido yana kama shi.

Mai kusurwa huɗu daidai, firinses, yana da walƙiya mai ƙarfi kuma ya fi mai zagaye sauƙin kuɗi, domin siffarsa ta yi kusa da ta ɗanyen dutsen, ba a asara sosai. Kusurwoyinsa huɗu duk masu kaifi ne, su ma sai an rufe. Nauyinsa kuma ya fi taruwa a ƙasa, saboda haka yakan yi ƙanƙanta a ido. Wanda ke son murabba'i ba tare da fargabar ɓantarewa ba ya duba kushin, mai kusurwoyi masu laushi kamar matashin kai, ko radiyan, wanda aka datse wa kusurwoyi.

Emeral, mai kusurwa huɗu da ya fi tsawo ta gefe ɗaya, daban yake da dukkansu, kuma ni ina ƙaunarsa. Ba a yi masa ƙananan fuskoki masu tartsatsi ba, dogayen layuka aka yanka masa kamar matakala, idan ka leƙa ciki sai ka ga kamar kana kallon ruwa mai tsabta a cikin kwano. Ba ya ihu. Yana dacewa da mace mai natsuwa da dogayen yatsu, da wadda adonta ba ya son hayaniya. Amma da yake a buɗe yake, ba ya rufa wa kowa asiri: duk ɗigon da ke ciki da duk rawayar da ke jikinsa za a gani. Ɗan'uwansa murabba'i shi ne Asha, wanda gidan Asscher na Amsterdam ya fitar a 1902. Mai siffar zuciya kuwa ba na ba da shawararsa sai dutsen yana da girma, don idan ƙarami ne siffar ba ta fita.

Haruffan da ke kan takarda

Abu huɗu ake auna daimon da su, tsarin da cibiyar GIA ta Amurka ta shimfiɗa: yanka, launi, tsabta, nauyi. Mutane sun fi riƙe na ƙarshen, alhali na farkon ne ke ba dutse rai. Dutsen da aka yanka da zurfi fiye da kima ko aka baje shi fiye da kima, haske yana zurarewa ta ƙasansa, sai ya zama kamar kwalba. Ga mai zagaye GIA tana ba da makin yanka hawa biyar. Kada ka sauka ƙasa da biyun sama, waɗanda za ka ga an rubuta Excellent ko Very Good. Sauran siffofin ba ta ba su wannan makin, idonka ne alƙali. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima.

Launi yana farawa daga D, fari tas, ya gangara zuwa Z mai rawaya. Ba sai ka biya kuɗin D ba. A kan farin ƙarfe, G ko H fari ne ga duk mai kallo. A kan jan gwal, wanda matanmu suka fi so, kana iya sauka zuwa I ko J, domin launin gwal ɗin ya riga ya shiga dutsen, bambancin ba ya fita. Tsabta kuma ana duba ta ne da gilashin da ke ƙara girma sau 10. Ga masu walƙiya kamar mai zagaye da kushin, makin tsabta na VS2 ya wadatar, SI1 da ke ƙasa da shi ma yakan yi idan ka duba da idonka ba ka ga komai ba. Ga emeral kada ka yarda da ƙasa da VS2, launin ma ka ɗaga shi kaɗan.

Karat ɗaya na daimon miligiram 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na giram. Nauyi ne, ba faɗi ba. Mai zagaye na karat ɗaya yana da faɗin kusan milimita 6.5, na karat 0.90 kuma kusan 6.2. Wannan bambancin babu mai ganinsa a yatsa, amma farashi yakan yi tsalle da zarar an cika rabin karat ko karat ɗaya. Saya ƙasa da cikon kaɗan, ka zuba rarar a kan kyan yanka. Ka riƙa tambayar milimita, ba karat kaɗai ba.

Mazauni da ƙarfe

Dutse ɗaya tilo a kan faratai shi ne mafi sauƙi, irin wanda kamfanin Tiffany ya shahara da shi tun 1886 da faratansa shida. Huɗu sun fi bayyana dutsen, shida sun fi riƙe shi, domin ko ɗaya ya lanƙwashe saura biyar. Ka ce a zaunar da shi ƙasa, ka shafa shi a jikin mayafi a nan cikin shagon ka ji ko yana kamawa.

Akwai wanda ake kewaye dutsen gaba ɗaya da bakin ƙarfe kamar yadda ake yi wa madubi. Ba ya kama komai, yana kare gefen dutsen, yana shiga safar hannu lafiya. Shi muka yi wa amaryar ƙanena, da dutse mai siffar ƙwai, kuma tana zuwa aiki da shi. Masu son girma a ido sukan zaɓi wanda aka zagaye babban dutsen da ƙananan duwatsu. Yana da kyau ƙwarai ranar biki, amma ƙananan sukan faɗi ɗaya-ɗaya, datti kuma yana maƙalewa a tsakaninsu. Wanda aka jera wa duwatsu a duk kewayen zoben kuwa yana da wuyar ƙarawa ko ragewa, kuma yatsan mace yakan canza bayan aure da haihuwa. Bar bayan zoben a ƙarfe zalla.

Maganar ƙarfe tana son kulawa, don a nan al'adarmu ke cin karo da sana'ar. Mun saba da gwal na Dubai da Saudiyya mai karat 21 ko 22, har wasu na raina abin da ya gaza haka. Karat ɗin gwal tsabtarsa yake nufi, ba nauyi ba, kuma gwargwadon tsabtarsa gwargwadon laushinsa. Farcen da aka yi da 22 yana buɗewa da sauƙi, wata rana a duba a ga dutse ya tafi. Don riƙe daimon, 18 ya fi dacewa, za ka ga hatimin 750 a cikin zoben, ko 14 mai hatimin 585. Farin gwal ana shafa masa wani ƙarfe mai suna rodiyam don ya yi fari fat, shafin kuma yana gogewa da zufa da sabulu, sai an riƙa sabuntawa. Filatinam mai hatimin 950 ba ya buƙatar shafi, amma ya fi nauyi, kuma ba kowane maƙeri ke iya gyaransa ba. Idan kai ma za ka sa zobe, naka na azurfa ne, tunda Musulunci bai halatta wa namiji gwal ba.

Awon yatsa a yi shi da yamma, lokacin da zafi da zirga-zirgar Legas suka ɗan kumbura hannu, ba da sassafe ko cikin sanyin na'ura ba. Wasu shagunan da lambobin Amurka suke aiki, wasu da haruffan Ingila, don haka in an aro maka zobenta, ka sa a auna faɗin cikinsa da milimita.

Ranar saye

Ko a manyan shagunan Ikoyi da Lekki da Ikeja ne, ko wurin 'yan'uwanmu masu gwal a cikin Eko, ƙa'idar ɗaya ce. Kada ka je kai kaɗai, tafi da mace mai ido, kuma ku je da rana. Fitilun shago an jera su ne don kowane dutse ya yi walƙiya. Ka nemi izini a raka ka bakin ƙofa ka gan shi a hasken gari, sannan ka kare shi da tafin hannunka ka gan shi a inuwa. Dutse mai kyan yanka ko a inuwa yana da rai.

A wani shago da muka shiga da ƙanena, mai shagon ya ɗauko ɗan abin gwaji mai kamar biro, ya dangwala a dutsen, abin ya yi ƙara. Ya ce, "Hajiya, kin ji da kunnenki." Na ce, "Na ji, Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Takardarsa fa?" Ya ce takarda ta Turawa ce, amana ta fi takarda. Muka yi masa godiya muka fita. Irin wannan biron zafi yake aunawa, moisanait ma yana sa shi ƙara, balle daimon ɗin ɗakin gwaji. Takardar da za ka nema ta cibiya mai zaman kanta ce kamar GIA ko IGI, ba wadda shagon ya buga da kansa ba. Tana ɗauke da lamba, kuma yawanci an zana wannan lambar da leza a ƙugun dutsen. Karɓi gilashin maƙeri ka karanta ta da idonka, sannan ka shiga shafin cibiyar a intanet ta wayarka, ka sa lambar, ka ga ko siffa da nauyi da milimita sun dace da abin da ke hannunka. A nan ne kuma za ka ga ko na ƙasa ne ko na ɗakin gwaji.

Ka yi ciniki, ba abin kunya ba ne. Rasit ɗin ya ƙunshi lambar takardar, nauyin dutsen, karat da giram na gwal, da sharaɗin gyaran awo idan bai shiga ba. In maƙeri ne zai ƙera maka mazaunin daga baya, ku karanta lambar dutsen tare ranar da ka miƙa, ku sake karanta ta ranar karɓa, kuma ka ba shi lokaci mai yawa kafin ranar sa rana, domin aikin gaggawa shi ke barin farce a buɗe.

Idan zoben ya isa hannunta, a gaya mata cewa daimon yana jan maiƙo. Manja da man shafawa da humra suna rufe masa fuska cikin 'yan kwanaki, sai ta zaci ya dushe. Ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwano da buroshin haƙori mai laushi sun isa su dawo da shi, musamman idan an goge ta ƙarƙashin dutsen. Ta cire shi ranar ƙunshi da ranar wanki da bilic, don bilic yana cin gwal, ta ajiye shi shi kaɗai a ƙyalle kada ya karce sauran kayan adonta. Lokaci-lokaci ta kawo zoben kusa da kunne ta ɗan ƙwanƙwasa shi da farce. Idan ta ji dutsen yana motsi, ta cire shi a take ta kai wa maƙeri ya matse faratan.